Totur Mai Kitse

A gyara zama, a nutsu, wanda yake fama da mura ya gode wa Allah. Yau zan gabatar muku da Babban Kwamandan Rundunar Ƙudaje, Ministan Tumbi da Hanji, mutumin da karnukan unguwa uku suke miƙewa tsaye in zai wuce, wanda hanci yake sanar da zuwansa minti biyar kafin kunne ya sami labari. Ba kowa ba ne face kawuna, yayan mahaifiyata, wanda gari ya sani da Mai Hanji.

Ni na naɗa masa duk waɗannan muƙaman. Shi bai san yana riƙe da su ba.

Sana'ar Kawu ba ta da wuyar bayani, tsayawa kusa da ita ne aiki. Kullum da safe zai je mayanka, a loda masa kayan ciki a manyan robobi biyu a bayan babur, ya bi masu abinci ɗaya bayan ɗaya yana sauke musu. Ba ya yanka, ba ya fiɗa. Ɗauka ce kawai tasa. Ya yi shekara arba'in da wani abu yana yi. Goman farko a ka ya ɗauka, cikin daro, ruwan hanji yana bin ƙeyarsa yana shiga wuyan riga. Daga nan ya koma keke. Da tsohon mahaucin da ya yi wa yaro ya daina iya hawa, sai ya miƙa masa makullin baburinsa ya ce, riƙe. Mahaifiyata ta ce tun a zamanin daro hancin Kawu ya ajiye aiki, kuma har yau ba a naɗa wani ba. Na taɓa ganinsa da idona ya ciro hannu daga cikin roba, ya goge a cinyar wando sau ɗaya, ya yagi burodi ya tsoma a shayi. Ya ma miƙo mini ragowar. Ranar ban ci komai ba sai da yamma.

Baburin kuwa Baƙin Sa ake ce masa, domin shi ne kaɗai san da yake shiga mayanka kullum ya fito da ransa. Ya girme ni. Ya girmi babbar 'yar Kawu. Sunan da aka rubuta a jikin tankinsa ya goge tun ban zo duniya ba, makanikai har gardama suke yi a kan ƙasar da ta ƙera shi. Kujerarsa fatar saniya ce da Kawu ya jeme da kansa, kuma jimar ba ta yi nisa ba, gefe ɗaya da sauran gashi. In rana ta take, baburin yakan yi wani ƙyalli da baƙo zai ɗauka fenti ne. Ba fenti ba ne.

A nan ne muka zo kan aƙidar Kawu. Kowa da abin da ya yarda da shi a duniya, shi nasa kitse ne. Ƙofa ta yi ƙara, kitse. Kwaɗo ya cije, kitse. Faso a diddige, takalmi ya bushe, sarƙar babur, zif ɗin jakar makarantar jikarsa, duk kitse. Akwai wani gwangwanin madara da yake ajiyewa a kan tagar ɗakinsa, ba a taɓa ganin gindinsa ba, domin kafin ya ƙare an zuba sabo a kan tsoho. Na ƙasan ina zaton tun na saniyar farko ne.

To, sai ga ranar Talatar nan. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Kawu ya cika robobinsa, ya murɗa totur zai hau 'yar gangaren da ke bayan tasha, ya hau lafiya, ya saki hannu, totur ya ce ina nan inda ka bar ni. Baƙin Sa ya yi kukan da bai yi ba tun yana saurayi. Kawu ya taka birki, birki ya ba shi haƙuri. Saura taku biyu ya haye wata mata mai goyo, Allah ya sa ta faɗa cikin shagon tela. Daga nan ya keta filin mai wanki da guga, inda aka shanya fararen zannuwan gado na wani masauki, layi huɗu. Zani na sha ɗaya ne ya naɗe ƙafar baya ya tsayar da shi. Robobin nan biyu suka kife. Waɗanda suka gani sun ce hanji har a kan wayar wuta. Mai wankin bai yi zagi ba, zama ya yi a ƙasa ya rufe fuska.

Kawu ya tashi da ƙujewa a ƙwauri, ya fara tsince kayansa yana karkaɗe musu ƙasa.

Kafin azahar labari ya isa kunnen babbar 'yarsa. Ku dubi yadda Allah yake nasa ikon: 'yar Mai Hanji ma'aikaciyar duba-gari ce. Ita ce mai shiga gidajen abinci da farar riga tana leƙa ƙarƙashin tebur. A jakarta akwai safar hannu da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, kuma tun tana ƙarama ba ta cin nama. Yaya muke ce mata. Ta zo ta tarar da Baƙin Sa a jingine a tsakar gida, ba ta taɓa shi ba, biro ta sa ta zaro makullin ta jefa a leda.

“Baba, an gama,” in ji ta. “Yau mai goyo ce ta tsira. Gobe wa?”

“Sanyi ne ya kama shi,” in ji Kawu. “Da rana ta fito zai saki.”

“Babur ne ko kaza? Ranar Asabar da yamma zan zo da mai sayen tsoffin ƙarafa. In na murɗa totur ɗin nan na saki ya koma da kansa, a gabana, ga makullinka. In bai koma ba, a kan amalanke zai bar gidan nan, kai kuma ka zauna ka huta. Shekara nawa ina roƙonka?”

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga ma da sauƙi.

Makanikai uku aka kai wa magana. Na farko ya ce yana da biki. Na biyu ya ce ba ya taɓa babura masu wannan shekarun. Na uku mutum ne mai gaskiya, ya ce shi ya taɓa canza wa Baƙin Sa taya shekara shida da suka wuce, matarsa ta hana shi shiga ɗaki kwana biyu.

Kwana uku Kawu yana gida. Zai tashi a lokacin da ya saba, ya sa dogayen takalman robarsa, ya fito ya zauna a benci yana kallon babur. Ranar Alhamis aka gaya masa wani mai sabon mashin ya fara kai wa biyu daga cikin masu abincinsa kaya. Ya ce to. Ya cire takalman ya jera su, can kuma ya sake sawa. Ni mutum ne mai son dariya, amma wannan ban sami inda zan kama shi in yi dariya ba. Har ƙudajen gidan sun rasa abin yi.

Sai na ce zan gyara.

Bari in faɗi ko ni wane ne, kada a ce na ɓoye. Na yi shekara ɗaya da rabi a makarantar koyon sana'a, sashen injina, kafin ni da makarantar mu fahimci cewa ba mu dace ba. Bayan nan na taɓa walda, na taɓa aski, na taɓa gyaran waya, kowanne na bar shi da lafiyarsa. A gida Injiniya suke kirana, kuma ba yabo ba ne. Amma totur na san shi. Mun taɓa kwance shi a aji, a kan tebur mai tsabta, malami yana nuni da sanda. Abu ne mai sauƙi: hannun da kake murɗawa yana jan wata waya, wayar tana ɗaga wani ɗan ƙarfe a cikin kafireta, mai ya shiga inji. In ka saki, sifirin ya mai da komai wurinsa. In bai koma ba, wani abu ne ya riƙe, ko a hannun, ko a wayar, ko a kafiretar. Aikin awa ɗaya.

“Kai za ka taɓa shi?” in ji Kawu.

“Ko ni, ko amalanke.”

Ya daɗe yana auna mu biyun. Sannan ya ce in wanke hannu kafin in fara.

Asabar da hantsi na ari sukudireba da filaya a wurin mai gyaran janareto, na samo fetur a gora da kananzir a kwano, na shafa man zafi a ƙarƙashin hanci, na ɗaura hankici. Kawu ya jawo bencinsa kusa, da kofin shayi da burodi, kamar wanda ya zo kallon ƙwallo.

Sukurori biyu ne suke riƙe da gidan totur. Na yi minti goma ina neman kawunansu. Sai da na sa ƙusa na yi ta haƙa cikin wani baƙin danƙo kafin ƙarfe ya bayyana. Na kwance na farko, na kwance na biyu, na raba murfin.

Jama'a, na shiga bayan gidan tasha da rana tsaka. Na taɓa buɗe firijin da wuta ta yi sati ba ta zo masa ba. Duk waɗannan turare ne. Abin da ya taso daga cikin ɗan murfin nan ba wari ba ne, wani mahaluƙi ne mai hannu, ya ture hankici, ya ture man zafi, ya sauka kai tsaye cikin cikina ya zauna. Cikin cike yake dam da wani abu mai launi uku: sama fari-fari, tsakiya ruwan ƙasa, ƙasa kuma kore. Akwai gashin saniya a ciki. Akwai yashi. Akwai fiffiken ƙuda ba adadi. Na sa bakin sukudireba na ɗan ɗaga, sai na ga abin yana motsi da kansa.

“Kawu, akwai tsutsa a totur ɗinka.”

Ya leƙo yana tauna. “Ƙanana ne.”

“Ƙanana ne? Kawu, iyali ne guda! Ga uwa, ga 'ya'ya, ga wani kakansu can a kwance!”

“Ba su taɓa damuna ba.”

“Me ka zuba a nan?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ake sha in an ji ƙishi. “Kitse mana. Duk sati. In ba haka ba ai tsatsa zai yi.”

Duk sati, shekara talatin da ɗaya. Ni rabin boko gare ni, ban yi lissafin ba, amma na san an kashe garke guda a kan hannun dama na baburin nan. Yanzu kuma na gane abin da ya faru ranar Talata. In da zafi, kitsen yana narkewa, totur yana tafiya a hankali kamar tsoho mai ciwon gwiwa, amma yana tafiya. Da sanyi ya buga, sai ya daskare ya riƙe.

Na zare hannun totur daga jikin ƙarfe. Bai fito da sauƙi ba, ya fito da wata ƙara irin ta ƙafa in an cire ta daga taɓo. Na jefa shi cikin kananzir, kananzir ya koma kamar kunu. Na kankare ƙarfen da cokalin da matar Kawu ta ba ni daga nesa, ta ce kada in dawo mata da shi. Karen maƙwabta ya zo ya zauna a gabana yana kaɗa wutsiya. Na jefa masa ɗan abin da na kankaro. Ya sunsuna, ya dube ni, ya tashi ya tafi.

Wayar totur ta ƙarƙashin tanki take bi, dole a ɗaga tanki. Na ɗaga. Kyankyasai suka watse kamar an tashi kasuwa, biyu suka bi hannun rigata. A kan firam ɗin kuma ga wani ƙadangare a kwance, ya bushe, ya manne, ya yi sumul da maiƙo. Allah kaɗai ya san shekarar da ya shiga. Kawu ya ce, “Ashe nan yake.” Ban tambaye shi ko sun san juna ba.

Kafiretar ce kawai ta tausaya mini. Na kwance murfin samanta, na zaro ɗan ƙarfen da sifirin ɗinsa. Maiƙon ya gangaro har can, amma fetur ya wanke shi tas, sifirin kuwa da ƙarfinsa, irin aikin da. Na ce to, saura waya.

Wayar totur siririya ce a cikin wata doguwar riga baƙa, dole ta riƙa zamewa a ciki ba tare da an roƙe ta ba. Wannan na ja da filaya, ta zo da ƙyar, ta ƙi komawa. Sabuwa kuwa babu, irin ta Baƙin Sa ta ƙare a kasuwa tun kafin a haifi masu shagunan. Na rataye ta a igiyar shanya, na ɗaura leda a bakinta kamar mazurari, na zuba fetur, na tsuguna ina jiran ya ɗigo ta ƙasa. Minti ashirin, ko ɗigo. A makaranta da iskar inji ake hurawa. A gidan Kawu akwai famfon keke, amma robarsa ta mutu, kuma kun san da me aka yi jinyarta.

Rana ta wuce tsaka. Na dubi wayar, na dubi Kawu a kan benci cikin takalman roba. Na kwance hankici. Na goge bakin rigar wayar da gefen rigata, na yi addu'a, na sa baki na hura.

Babu abin da ya motsa. Na ja numfashi na sake hurawa har kunnena ya toshe. Sai na ji wani abu ya saki a ciki, na yi murna, na sassauta baki in sha iska. Ashe ba gaba ya saki ba. Baya ya dawo.

Ba zan bayyana muku ɗanɗanon ba, domin wasunku suna da abinci a gaba. Zan dai ce yana da ɗumi, kuma akwai abin taunawa a ciki.

“Kada ka damu,” in ji Kawu daga bayana, ina durƙushe a bakin magudana. “Na lafiyayyun shanu ne. Sai likita ya duba ake yankawa.”

Amma wayar ta buɗe. Da na dawo hayyacina na zuba fetur, ya fito baƙi, ya fito ja, daga ƙarshe ya fito fari. Na ja ta da yatsa biyu, ta zame kamar ba ita ba. Na bar ta a rataye ta bushe, na shiga wanka. Sabulu guda na kusa cinyewa. Na goge harshe da gishiri, na goge da toka, na kurkure da ruwan zafi, na fito ina jin kamar an sake haifata, ko da yake har yanzu in na yi gyatsa ina tuna komai.

Ina dawowa tsakar gida na ji ƙamshin suya.

Kawu ne a tsugune gaban risho. Gwangwanin madarar nan yana kan wuta. A hannunsa akwai wani ƙaton sirinji, irin wanda ake yi wa shanu allura da shi, ya soka bakinsa a cikin wayata, wayar da na wanke da bakina, yana dannawa a hankali da babban yatsa, fuskarsa cike da natsuwa.

“Kawu!”

“Ka bar ta a bushe,” in ji shi. “Na ƙarasa maka.”

Na fizge wayar. Tana da ɗumi, ta yi nauyi. Saura awa ɗaya da 'yan mintuna Yaya ta iso. Ban san lokacin da na fara ɗaga wa yayan mahaifiyata murya ba.

“Wannan abin ne ya kusa kashe mai goyo! Ba sanyi ba, ba tsufan babur ba, wannan! Kai kake ɗura masa da hannunka! In Yaya ta murɗa ya maƙale, wallahi ba za ta sake saurarar kowa ba. Kana so ka ƙare a kan bencin nan kana sa takalmi kana cirewa?”

Ya rage wutar risho.

“Ranar da maigidana ya ba ni shi,” in ji Kawu, “da kansa ya tsuguna ya nuna mini. Ƙafarsa ba ta lanƙwasuwa, amma ya tsuguna. Ya ce in ba ka manta da wannan ba, ba zai kunyata ka ba. Ban taɓa tsallake sati ba.”

“Da kitse ya nuna maka?”

“Wani abu ne dai a gwangwani. Fari.”

“Giris ne, Kawu. Na shago.”

“Nasa ya ƙare. Kala ɗaya ne.”

Lokaci yana tafiya, kitsen kuma yana sanyi a cikin waya. Na karɓi sirinjin daga hannunsa, na wanke, na zuƙi fetur na danna. Sabon kitse bai kai ga kamawa ba, ya fito ta ƙasa da gudu. Sau biyar na yi, cikin minti uku waya ta koma tas. Na tsaya ina kallon sirinjin nan. Minti uku.

“Kawu, tun safe wannan abin yana gidan nan?”

“A aljihuna yake.”

“Kana kallo na sa baki?”

“Ba ka tambaya ba. Na ɗauka haka ake koya muku.”

Na roƙi Allah ya ba ni haƙurin da ban gada ba. Sannan na tsiyayo ɗan man inji mai tsabta a murfin gora, na zuƙa a sirinji, na miƙa masa.

“Ga shi. Kai za ka yi, da hannunka, yadda aka nuna maka. Duk sati in kana so. Amma wannan, ɗigo biyar, ba na gwangwani ba.”

Ya ɗaga sirinjin sama yana kallon man a hasken rana. Ya ce ruwa ne, ba shi da jiki. Ya ce wannan ko tuwon... ya fasa, ya ce ko ƙofar kaji ba zai riƙe ba. Amma ya tsuguna ya ɗiga, yana ƙirgawa da baki. Ya yi bakwai, na yi kamar ban gani ba.

Na mayar da komai a guje: waya a kafireta, sifirin, murfi, tanki, hannu, sukurori biyu. Ina ɗaure na ƙarshe na ji ƙarar amalanke a ƙofar gida.

Yaya ta shigo da farar rigarta. Mai tsoffin ƙarafa ya tsaya daga zaure yana leƙen Baƙin Sa da idon mai auna nauyi. Ba ta gaishe ni ba, ta dai dube ni sama da ƙasa ta ja baya taku ɗaya. Ta sa safar hannu. Ta murɗa totur har ƙarshe ta saki.

Ƙas!

Ta sake. Ƙas. Ta juya kan babur hagu ta murɗa, ta juya dama ta murɗa. Sau goma sha biyu na ƙirga. Na fara gyara wuyan riga.

“Ranar Talata da sanyi ya maƙale, ko ba haka ba, Baba?” in ji ta.

Ta buɗe jaka ta ciro ƙanƙara a leda, wadda ta sayo a hanya. Ta naɗe hannun totur da ita, ta ɗora wata a kan wayar, ta dubi agogo. Wallahi ban taɓa tsoron mace kamar ranar ba. In akwai ko ɗan kitsen da ya ɓuya a wani lungu, yanzu zai tona mana asiri. Minti goma muka yi a tsaye. Kawu yana kallon takalmansa. Ruwan ƙanƙara yana ɗiga a ƙasa.

Ta cire ledar. Ta murɗa. Ta saki.

Ƙas.

Ta daɗe tana kallon mahaifinta. Sannan ta je tagar ɗakinsa, ba ta sami gwangwanin ba, ta bi hancinta har gaban risho, ta ɗauke shi da yatsa biyu ta jefa a leda ta ƙulle sau uku.

“Wannan na tafi da shi. In na sake ganin irinsa a gidan nan, ba sai na jira Asabar ba.” Ta zazzage makullin a tafin hannunsa. “Kai kuma Injiniya, duk wata za ka buɗe ka duba. Ka je ka sake wanka.”

Mai amalanke ya yi tsaki ya juya. Ita ma ta bi bayansa, ledar a nesa da jikinta.

Kawu ya tura Baƙin Sa waje, ya buga sau biyu, ya tashi. Ya hau ya tafi har ƙarshen layi, ya zagaya ta bayan makaranta, ya dawo. Sautin injin yana hawa yana sauka daidai da hannunsa. Ya tsaya a gabana, ya kashe, ya zare makulli ya sa a aljihun gaba ya danne da hannu. Ni kuwa na riga na shirya. Na tsaya a tsakiyar layi, hannu a ƙugu.

“To, Kawu, faɗa wa duniya. Makanikai uku sun gudu, ɗan ƙanwarka ya tsaya. Na haƙa, na kankare, na yi yaƙi da tsutsa, na sha abin da ko kare ya ƙi. Litinin kana mayanka. Yaya ka ji totur?”

Ya murɗa shi sau ɗaya, ya saki, ya kalli yadda ya koma.

“Da can in na saita shi sai in saki hannu in sosa bayana,” in ji shi. “Yanzu sai na riƙe har in isa.”